Kujerun Inji da Hannun Yayana

Yayana bakanike ne, ni kuma mai walda. Shekara bakwai ya ba ni, kuma har yau da furfura ta cinye mana kai bai bari na manta da shekarun nan bakwai ba. Garejinsa da rumfata a fili ɗaya suke, bayan layin masu sayar da kayan gyara, kusa da inda ake wankin manyan motoci. Tsakaninmu akwai katangar kwano da ta fi tsayin mutum. Shi ya kafa ta shekara talatin da suka wuce, ranar da tartsatsin waldata ya tsallaka ya huda kujerar motar wani lauya. Huji uku ne kacal, kowanne bai wuce kan ashana ba, amma Yaya ya yi kamar gida na ƙone masa. Na gaya masa abin da bai kamata ƙane ya gaya wa wansa ba, shi ma ya faɗi nasa. Washegari ya kawo kwanuka da ƙarafa. Abin da ya fi ba ni haushi, ni na yi waldar ginshiƙan, domin ba ya yarda da waldar kowa sai tawa. Bayan wata biyu muka shirya, katanga kuwa ta yi zamanta.

A layin nan ba wanda ke kiransa da sunansa. Lallaɓa suke ce masa, saboda kalmar ba ta barin bakinsa. Ka kawo mota a guje, ka tafi da ita a guje, abin da zai ce maka ɗaya ne: lallaɓa ta.

Sauran makanikai da kunne suke aiki. Su karkata kai, su yi shiru, su ce ga inda matsalar take. Yaya ba shi da wannan gatan. Wani zazzaɓi da ya yi yana ɗan shekara tara ya tafi da kunnensa na hagu, na daman ma sai ka ɗaga murya. Da ya fara aiki a tashar motocin haya yana wanke kayan inji da fetur, kowa ya ce ba zai kai labari ba. Shi kuwa sai ya koma kan tafin hannu. Za a tayar da mota, ya ɗora hannunsa na dama a gefen bodi, saman tayar gaba, ya lumshe ido. Bayan ɗan lokaci ya ce filogi na uku ne, ko ya ce ba inji ba ne, salansa ce take taɓa ƙarfe. Na sha ganin an yi masa gardama, an kwance, an tarar da abin da ya faɗa. Da hannun nan ya gina gida mai ɗaki huɗu, ya kai 'ya'ya biyar makaranta, har babbar ta zama nas. Ni nawa hannun, wuta ta gasa shi, ƙarfe ya yanka shi, fatar ta yi kanta. Kofato yake ce masa. In na miƙa masa hannu mu gaisa a gaban mutane sai ya ce, "Janye kofaton nan, kar ka goge min fenti."

A cikin duk motocin da suka ratsa garejin, akwai wadda yake ji da ita kamar 'yar cikinsa. Motar Likita ce, wani likitan haƙori da ya rufe asibitinsa shekara goma da suka wuce ba tare da ya gaya wa kowa dalili ba. Koriya ce shar, mai kujera biyu, rufinta na tamfol ne da ake naɗewa, dogon hanci, kuma ƙasa-ƙasa take har sai ka durƙusa kafin ka shiga. Irin motocin gudun da aka daina ƙerawa tun kafin a haifi 'ya'yanmu. Likita bai taɓa barin wani ya buɗe bonet ɗinta ba sai Yaya. In ta zo, Yaya yakan shimfiɗa tsohon bargo a gefenta kafin ya jingina, ya ɗaga murya ta saman katanga ya ce in kashe wutata sai ta tafi. Ni kuma in kashe ina ƙunƙuni.

Bara hannun ya fara rawa.

Na fara gani ne wajen shan shayin safe. Kofin yana ƙwanƙwasa haƙoransa, shayin yana zuba a rigarsa. Ya ce sanyi ne, a ranar da kowa ke gumi. Da na je gidansa a ƙarshen mako, matarsa ta tare ni a bakin kicin tana goge faranti, ta ce, "Ka gani ko?" Na ce na gani. Ta ce 'yarsu ta kai shi asibiti, an ba shi ƙwayoyi, an ce za su rage abin amma ba za su kore shi ba. Daga nan Yaya ya koyi dabaru. Hannun yana aljihu, ko yana naɗe da tsumma, ko yana riƙe da sufana gam. Ɗaure noti da kwance noti ba su gagare shi ba. Amma na lura ya daina ɗora tafi a kan mota. In aka kawo aikin da sai an ji jijjiga, sai ya ce aiki ya yi masa yawa, a gwada gaba.

Wata rana na zagaya na same shi zaune a kan tsohuwar taya. Na ce, "Yaya, har yaushe za ka yi ta korar mutane?"

Ya ce, "Ina ruwanka?"

Na ce, "Da ruwana mana. Wanda ka kora, ni ma ya kore ni, don ba zai dawo layin nan ba."

Ya ce, "Ranar da na ɗora hannu na kasa gane ko mota ce ke rawa ko ni ne, ranar zan sa kwaɗo a ƙofar nan. Ba zan zauna ina yi wa mutane canki-canka ba."

Na san shi. In ya faɗi abu, ko zai cutu sai ya yi. Kuma na san in ya rufe garejin nan ya koma gida ya zauna a kujerar roba yana kallon titi, ba zai yi shekara biyu ba.

Kowa za a iya kora ban da Likita. Ya zo wata Talata da hantsi, motar tana tafe tana ƙwanƙwasa kamar ana buga ƙofa daga ciki. Ya fito da safar hannunsa ta tuƙi da ba ya rabuwa da ita, ya ce in ya saki kuloci sai ya ji dum, sandar giya kuma tana kaɗawa ita kaɗai. Yaya ya buɗe bonet, ya nuna masa inda fanka ta fara goge lagireto, ya sa dogon ƙarfe ya ɗan banƙara injin. Injin ya ɗaga ya koma kamar haƙori mai girgiɗi.

Yaya ya ce, "Kujerun inji ne, ranka ya daɗe. Sun gama aikinsu."

Ga wanda bai sani ba, kujerar inji ba wata abar kallo ba ce. Curin roba ne mai kauri tsakanin ƙarafa biyu, ɗaya a ɗaure a jikin inji, ɗaya a jikin mota. A kanta inji yake zaune, ita take shanye jijjigarsa kar ta kai ga mai tuƙi. Wannan motar tana da biyu a gaba, hagu da dama, da ɗaya a ƙarƙashin giya. Ta hagun baƙin mai ya jiƙa ta shekara da shekaru har ta yi laushi ta zauna, ta daman kuma ta tsage.

Likita ya yi murmushi ya ce ai ya zo da shirinsa. Ya buɗe but ya fito da kwali biyu. Na farko ɗansa ne ya aiko masa, wasu kujeru rawaya masu sheƙi, irin na masu tsere. Na biyu tsohon kwali ne da ya yi ja, da tambarin kamfanin da ya ƙera motar. Ya ce wata shida ya yi yana nemansu, na asali ne, ba a taɓa ɗaura su ba. Yadda yake riƙe da kwalin, ka ce jariri aka miƙa masa.

Yaya ya ɗauki ta asalin da hagu, ya danna farcen babban yatsa a robar. Farcen bai shiga ba. Ya ƙwanƙwasa ta a teburin aiki, ta yi ƙara kamar katako.

"Ranka ya daɗe, wannan sa'ar motar ce. Tare aka haife su."

"Ai shi ya sa na neme ta."

"To ita roba ba ta san tana cikin kwali ba. Tsufanta take yi. Ka ɗaura wannan, wata uku ta fashe. Ka kai ta falo ka ajiye, ta yi kyau a kan kabad."

Likita ya ɓata rai, ya turo masa rawayan. Yaya bai ko danna su ba, sai ya ƙwala min kira ta saman katanga. Na zagayo da gilashin walda a goshi. Ya ce, "Gaya wa Likita sau nawa ka ɗinke ƙashin motar nan."

Na ce sau huɗu, biyu a gindin inda kujerun suke zama.

Ya ce, "Ka ji. Waɗannan na sabon jini ne, motar da ƙarfenta bai gaji ba, mai ita kuma bai damu haƙoransa su kaɗa ba. Ba sa shanye komai, duk abin da inji ya yi sai su miƙa wa bodi. Ka sa su a tsohuwar nan, ɗinkin wannan mai kofaton ne zai fara buɗewa, sai madubi, sai bayanka."

Wannan ne karo na farko da ya kafa hujja da aikina a gaban mutum, ko da yake sai da ya haɗa da zagi.

Likita ya kwashe kwalayensa, ya bar mota, ya ce zai dawo jibi. Yaya ya taka da kansa zuwa layin kayan gyara ya dawo da sababbin kujerun roba kashi biyu, baƙaƙe, ba sheƙi ba tambari. Ya jera su a tebur ya gwada tsayinsu da inda kusoshinsu suka fito. Ya ce tsayi shi ne farko: in kujera ta yi gajarta fanka ta ci lagireto, in ta yi tsawo kan inji ya taɓa bonet, tunda hancin motar a kwance yake. Duka biyun tsayinsu daidai. Bambancinsu ɗaya ne, kashi ɗaya ya ɗan fi ɗaya laushi, kaɗan ƙwarai, yadda in ka danna da yatsa sai ka yi rantsuwa iri ɗaya ne. Mai kayan ya ce kowanne ya yi. Yaya ya ce mai kaya bai taɓa cewa wani abu bai yi ba.

Ranar Laraba muka yi aikin, don ɗaga inji ba aikin mutum ɗaya ba ne. Na ja sarƙa, ya zare tsofaffin, ya toshe inda man yake ɗiga, ya sa masu taurin tukuna har da ta ƙarƙashin giya. Bai ɗaure notin ba sai da na sauke injin ya zauna da nauyinsa, ya girgiza shi ya samu wurinsa, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗora curin laka a kan injin, ya rufe bonet a hankali, ya buɗe, ya duba yadda lakar ta lotsa. Akwai tazarar yatsa biyu. Duk wannan ya yi shi kamar yadda ya saba, ba gargada.

Sai ya ce in tayar.

Na tayar, na fito. Injin yana aiki a tsaye, ba a taka totur ba. Yaya ya goge hannunsa na dama da tsumma, ya goge, ya sake gogewa. Sannan ya ɗora shi a gefen bodi ya lumshe ido. Ina kallon yatsun suna buga fentin da kansu. Ya danne da ƙarfi, ya sassauta, ya matsa gaba, ya dawo baya. Ya cire ya ɗora na hagu, ya yi tsaki, ya ce hagu jahila ce, ba ta taɓa shiga aji ba. Ya mayar da na dama. Ya fi minti biyar a haka, wanda a da ko minti ɗaya ba ya yi.

Ya cire hannun ya sa a aljihu, ya ce, "Kashe."

Na ce, "Yaya, mu ɗora kofin ruwa a kan bonet mu ga yadda zai kaɗa."

"Kofin ruwa zai gaya maka tana rawa. Ni ma na san tana rawa, inji ne a ciki. Wace irin rawa?"

"To ka sa kowanne mana! Wa zai sani? Likita ba zai sani ba."

"Ni zan sani."

Ya juya ya nufi inda kwaɗon ƙofa yake rataye a ƙusa. Raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni, duka a lokaci ɗaya. Na ɗaga murya yadda har masu wankin mota suka waiwayo. Na ce shekara hamsin yana cika mana baki da hannu, ashe ilimin a fata yake, ba a kai ba? Na ce in a fata yake to ya rufe, ni ma na huta da kashe wutata saboda wata koriyar akwala. Ban san me ya sa na faɗi haka ba, bakina dai ya saba riga ni.

Ya tsaya da kwaɗon a hannu yana kallona, har na fara shirin kaucewa. Sai ya ajiye shi a tebur ya ce, "Tayar. Ka kawo kofaton nan."

Ya kama wuyan hannuna da hagunsa ya ɗora a inda yake ɗora nasa. Ya ce kar in danna, in ajiye shi kawai kamar na ɗora a goshin mai zazzaɓi. Ya ce me na ji? Na ce mota na ji. Ya ce wawa, rufe ido. Na rufe. Ya ce a ina abin yake tsayawa, a yatsu, ko a tafi, ko yana hawowa? Na shiga nema. Wallahi da farko ba komai sai ɗumin ƙarfe. Can sai na ji wani siririn abu kamar ƙaiƙayi yana bi ta wuyan hannu. Na ce yana hawowa, har gwiwar hannu. Ya ce a jere yake zuwa ko yana yankewa? Na ce a jere, ƙanana-ƙanana, da sauri. Ya zagaya ya ɗan taɓa totur ya ce yanzu fa? Na ce ya ƙaru, har zoben makullin da ke aljihuna nake ji.

Ya ce, "Sun yi mata tauri. Ja sarƙa."

Muka sake ɗaga injin, muka sa masu laushin, ya sake bin notin, ya sake lakarsa. Wajen la'asar na tayar, na ɗora hannu ba tare da ya ce ba. Wannan karon abin a tafi ya tsaya, mai faɗi, a hankali, bai hawo ba. Na gaya masa. Ya sa na shiga na taka birki na saki kuloci kaɗan, shi kuma yana kallon yadda injin ke karkata. Ya karkata kaɗan ya dawo, fanka ba ta kusanci komai ba. Ya sa na sake ɗora hannu a kan sandar giya, da sitiyari, da ƙasan kujerar direba, yana tambaya ina amsawa, yana zagina in na yi gaggawa. A ƙarshe ya ce, "Su ne." Bai ce sannu ba, ni ma ban jira ba.

Da Likita ya zo ranar Alhamis, ya zagaya layi da ita ya dawo yana dariya, ya ce rabon da ta yi masa haka tun 'yarsa ta fari tana goye. Ya ce, "Lallaɓa, hannun nan naka Allah ya bar mana shi."

Na yi wa Yaya ido ya yi shiru, amma ina. Ya zaro hannun daga aljihu ya miƙe shi a gaban Likita, yana ta kaɗawa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba shi ya yi ba. Wannan ya tashi daga aiki. Na ƙanena ne ya ji, ni na fassara. In za ka kai ta wani wuri daga yau, ba zan ji haushi ba."

Likita ya dubi hannun, ya dube ni. Sai ya cire safarsa ta dama, ya miƙe nasa hannun kusa da na Yaya. Rawar ba ta kai ta Yaya ba, sai ka lura za ka gani, ba ta hana riƙe sitiyari. Amma ba hannun da za ka bari ya shiga bakinka da ƙarfe ba ne.

Ya ce, "Shekara goma ke nan. Ni da nawa ya fara, na duba hagu na duba dama, ba ni da ƙanen da zai ara min nasa." Ya mayar da safarsa, ya shiga mota, ya ce zai kawo ta juyen mai ƙarshen wata.

Yaya ya ce, "Lallaɓa ta."

Washegari da safe na zo na tarar da shi a rumfata, abin da bai yi ba shekara talatin, yana zaune a kan bencina yana shan shayi da hannu biyu. Kwaɗon yana rataye a ƙusarsa, na leƙa na gani. Ya nuna katangar da haɓa.

"Kai ka yi waldar ginshiƙan nan ko?"

"Ni ne."

"To kunna wutarka ka yanke su. Na gaji da ƙwala kira neman kofato, ga wata farar mota can tana jira. Kuma ka yi a hankali, in tartsatsi ya taɓa min kujerar mutane sai na mayar da ita."

Na ce ai da ma waldar ta fi ƙarfin katangar. Na sauke gilashin walda a fuskata tun kafin in kunna wuta, domin idona ya cika, kuma ban ga dalilin da zai sa ya gani ba. Ginshiƙi shida ne. Na yi musu aiki mai kyau a wancan lokacin, sai da suka ci min rabin yini.